Wa ke buɗe takardunka ba ka sani ba?

Iyaye da 'yan uwa na Jugu, Copargo da Ouaké.

Daga Nuwamba 2017 zuwa Afrilu 2018 mun yi layi a rana don rajistar RAVIP. Mun ba da suna, sunan uwa da uba, hoto da zanen yatsu. Yau duk suna hannun hukumar ANIP, kowa da lambarsa ta NPI. A 2019 yankinmu yana cikin yankuna 3 da aka fara gwada shirin ARCH na maganin talakawa, aka rubuta sunayen gidajen da ba su da hali. Ma'aikaci kuma, albashinsa da shekarun aikinsa suna rubuce a CNSS.

Ba mu ce rajista laifi ba ce. Maganin talaka alheri ne, kada kowa ya ƙi karɓar katinsa. Amma wata gyatuma ta taɓa kawo mini takardarta in fassara mata. Da na gama sai ta ce: "Ɗana, bayan likita, wa kuma zai ga wannan?" Na rasa amsa. Har yau ita ma ba ta da hanyar sani, kai ma haka.

Ku duba abin da ke ciki: rashin lafiyarka, talaucin gidanka, inda aka haifi mahaifinka. Mu mutanen iyaka, da danginmu a Togo, Nijar da Nijeriya, mun san yadda layi ɗaya a takarda kan sa a fara tambayar mutum ko ɗan ƙasa ne. Kuma daga wannan rajista ta ANIP ake fitar da sunayen masu zaɓe. Ba mu manta ba, da maganar takarda aka hana jam'iyyun adawa shiga zaɓen 'yan majalisa na Afrilu 2019. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Doka tana nan. Dokar intanet ta 20 ga Afrilu 2018 ta ba ka damar ganin abin da aka rubuta a kanka da gyara kuskure, kuma akwai hukumar APDP mai tsaron bayanan mutane. To amma APDP tana Kotonu, dokar kuma da Faransanci take. Yaya mai sayar da doya a kasuwar Jugu za ta kai kuka can?

A ƙasar Estoniya, inda Benin ta samo tsarin haɗa kwamfutocin ma'aikatu, ɗan ƙasa yana iya duba wace hukuma ce ta buɗe bayanansa. An ɗauko tukunya, an baro murfi.

Ga abin da 'yan takararmu za su kai majalisa. Na ɗaya, duk jami'in da ya buɗe takardarka, sunansa da dalilinsa su zauna a rubuce, kai kuma ka iya gani. Na biyu, bayanan lafiya da na taimako kada su fita zuwa wata hukuma sai da izinin alƙali. Na uku, a buɗe wurin kai ƙara a Jugu da Paraku, da masu jin Hausa, Dendi, Yom da Fulatanci.

In wani ya ce maka ƙuri'arka za ta iya sa a cire ka daga taimako, kada ka ji tsoro. Ƙuri'a sirri ce. Ranar zaɓe ka fito, ka zaɓi waɗanda za su sa wa takardunka makulli.