Kwalba Ba Ta Da Ƙafa: Wa Ke Kawo Wa Yaranmu Ƙwaya?

Ina gaida iyayenmu da yayyenmu mazauna Bauchi, waɗanda kasuwa ta kawo daga Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato har da Maraɗi, suka zauna suka hayayyafa. Yau ina so mu taɓo maganar da kowa ke yi a ɓoye, wato maganar shaye-shaye. Ni ɗan ɗan kasuwa ne, karatuna iyakarsa sakandare, don haka da idon kasuwa zan dubi abin. Ra'ayina a taƙaice shi ne: mun tattara laifin gaba ɗaya mun jibga wa yaron da ke sha, mun kawar da kai daga mai sarrafawa, da mai sari, da dokar da ke tsakaninsu, da mu kanmu da ke gida.

Duk wanda ya tashi a shago ya san kaya ba ya zuwa da kansa. Akwai kamfani, akwai dila, akwai mai mota, akwai mai shago. Haka kwalbar kodin take. A ƙarshen watan Afrilun 2018 BBC ta fitar da wani bincike mai suna Sweet Sweet Codeine, inda aka ɗauki hoton ma'aikatan wasu kamfanonin magani a asirce suna sayar da katan-katan na maganin tari ta bayan fage, ba tare da takardar likita ba. Ran 1 ga Mayu ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar da hana shigo da kodin da sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi. Kwanaki kaɗan bayan haka hukumar NAFDAC ta rufe kamfanoni uku na ɗan lokaci: Emzor a Legas, da Peace Standard da Bioraj a Ilori. Tambayata a nan ita ce, kafin BBC ta zo, wa bai sani ba? Ai tun a watan Disambar 2017 Majalisar Dattawa ta yi taro na musamman a Kano kan wannan bala'i. Sai da duniya ta gani tukuna aka motsa.

To an hana kodin, sai me ya biyo baya? Ɗan kasuwa ya san amsar: muddin mai saye na nan, idan aka toshe wata hanya wata za ta ɓulle. Farashin kwalba ya tashi, masu ƙaramin ƙarfi suka ƙara raja'a kan tiramol da sauran ƙwayoyi. Tiramol ɗin da doka ta yarda da shi a Najeriya mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan kai 200, 225 har 250. Da ƙasar Indiya ta tsaurara dokar tiramol a 2018, wasu masu sarrafawa sai suka canja salo. A watan Fabrairun 2025 BBC ta sake bankaɗo wani kamfani na birnin Mumbai mai suna Aveo, wanda ke haɗa sinadarai biyu, tapentadol da carisoprodol, yana turo su Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal 225. Bayan fallasar ce gwamnatin Indiya ta haramta wannan haɗi. Mai karatu ka duba, ƙwayar da yaro ke haɗiya a bayan tasha ta ratso teku, ta bi ta tashar jirgin ruwa, ta wuce shingaye da dama. Mutum nawa suka ci riba a kanta kafin ta iso hannunsa?

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka kamfanin Purdue ya fito da maganin ciwo mai suna OxyContin a 1996, yana rage wa likitoci girman haɗarin kamuwa da shi. An kai ga amsa laifi a kotu a 2007, aka sake a 2020, bayan dubban ɗaruruwan rayuka sun salwanta ta dalilin irin waɗannan magunguna. Idan ƙasa mai ƙarfin hukuma irin wannan ta sha haka a hannun masu neman riba, ina ga mu?

Bari mu duba girman abin a gida. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka bincika. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari. Kuma cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Wannan adadi ya wuce a ce 'yan sara-suka ne kawai. A ciki akwai ɗan acaɓa da lebura da ɗan dako da ke sha don jikinsu ya jure aikin yini, akwai ɗalibi, akwai matar aure da baƙin ciki ya rufe a ɗaki. Mu da ke zaune a GRA mun fi kowa iya nuna wasu unguwanni da yatsa, alhali bambancin kawai katangarmu ta fi tsawo.

Abin da da yawanmu ba mu fahimta ba shi ne yadda ƙwayar ke kama jiki. Kodin idan ya shiga, hanta na mayar da wani sashe nasa zuwa mofin. Jiki na sabawa, abin da ya isa jiya ba ya isa yau, sai an ƙara. Ranar da aka rasa kuma sai ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, amai da rashin barci su taso. Tiramol mai yawa har farfaɗiya yake jawowa. Da farko mutum ne ya zaɓi ya sha, wannan gaskiya ne, kuma addininmu ya haramta duk abin da ke gusar da hankali. Amma idan abin ya kai wannan matsayi ya zama ciwo, kuma ciwo magani ake nema masa. Bulala ba ta taɓa tsayar da gudawa ba.

Nan ne doka ta shigo. An kafa NDLEA da doka mai lamba 48 ta 1989, zamanin soja, kuma ruhin dokar kamu ne da ɗauri. Tun da Janar Buba Marwa ya karɓi hukumar a Janairun 2021 an ga manyan kamu, har da na wasu manyan dillalai, wannan abin yabo ne. A watan Fabrairun 2024 kuma NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna sun rufe shagunan magani sama da dubu a Sabon Garin Kano, don tilasta musu komawa kasuwar magani ta Dangwauro inda za a iya sa ido. Na san akwai 'yan uwanmu da wannan ya taɓa wa ciniki, amma magani ba atamfa ba ne da za a kasa shi yadda aka ga dama. Inda nake da ja shi ne wajen ƙaramin mai sha. A kai shi gidan yari ya zauna da gwanayen laifi, ya fito da tabo, ba sana'a, ba mai ɗaukarsa aiki, me muka gyara? Ƙasar Fotugal tun 2001 ta daina ɗaure wanda aka samu da ɗan abin da zai sha, tana tura shi gaban kwamitin da zai haɗa shi da magani, dillali kuwa yana nan a matsayin mai laifi. Ban ce a kwafo tsarinsu kaf ba, amma raba mai saye da mai sayarwa hankali ne.

Wani zai ce wannan sassauci ne, yara za su ƙara lalacewa. Ina girmama wannan fargaba. Sai dai mu tuna mun gwada tsanani har iyakarsa. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. A watan Oktoba aka sake samun irin haka a Daura. Iyaye ne da kansu suka kai yawancinsu, har suna biyan kuɗi. Ba mugunta ta sa su ba, rashin wurin zuwa ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, sun yi wa jama'a kaɗan kuma sun yi nisa. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 ta zamanin Turawa. Doka ta samu, saura gadaje da likitoci da kuɗin gudanarwa.

Mu kuma mazauna muna da namu salon ɓoye kunya. Da yaro ya fara, sai a ce a mayar da shi gida wajen kakanni ya huta. A can ba mai sa masa ido, ƙwayar kuma ta riga shi isa ƙauyen. Idan mace ce abin ya fi muni, don tsoron kada ta rasa miji sai a kulle maganar har ta gagara. Akwai kuma haɗarin da ya kamata kowane uba ya sani: wanda aka tsare ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya rage jurewa, idan ya koma ya sha adadin da ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa. Shi ya sa ranar fitowa daga magani ita ce farkon aiki.

Shawarata ga iyayenmu guda huɗu ce. Na ɗaya, ƙungiyoyinmu na kasuwa a Wunti da Muda Lawal da Babbar Kasuwa, yadda ake tara gudummawar biki da ta gobara, a ware asusun kai yaro asibiti. Sashen masu kula da ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na ATBU yana nan cikin gari, daga can ya kamata a fara. Na biyu, duk ɗan uwanmu da aka tabbatar yana sayar da ƙwaya ta bayan kanta, kada a je belinsa da sunan zumunci, don ribarsa jinin 'ya'yan maƙwabta ce. Na uku, wanda ya warke a ba shi wurin zama a shago, ko da ba za a miƙa masa makullin aljihun tebur nan take ba. Zaman banza da tsangwama su ne ke mayar da mutum ruwa. Na huɗu, malamanmu su haɗa wa'azi da nuna hanyar asibiti, su kuma buɗe ƙofar da mata za su kawo kukansu ba tare da an ji a unguwa ba.

Iyayenmu sun baro garuruwansu ne don su gina mana abin da za mu gada. Shago da gida ba za su amfani kowa ba idan magajin yana kwance a bayan kanti bai san inda kansa yake ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tona asirin masu cin riba da rayukansu, amin.