Zif da Maɗauki Kan Iya Tsare Kayan Ɗan Kasuwa

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin 'yan'uwana ƙananan 'yan kasuwa da ke zuwa Alƙahira sari, musamman masu sayen Alƙur'anai da littattafan addini da kayan 'yan makaranta. A nan nake zaune, kuma ina ganinsu a shagunan littattafai na Darbul Atrak bayan Masallacin Azhar, da titin Fajjala kusa da dandalin Ramsis, da Ataba da Muski. Wajen ciniki ba a fi su iya tayi ba. Amma idan aka zo rubuta takardar kaya, sai mutum ya yarda a rubuta masa "kayan makaranta" a dunƙule, ya ɗaure buhunansa ya kama hanya. Wannan layi ɗaya ne ke jawo wa da yawa asara.

A littafin kwastan babu wani abu mai suna kayan makaranta. Tun 1988 ƙasashe ke aiki da tsarin lambobi na Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Brussels, inda kowane kaya ke da lamba mai alƙaluma shida da aka yi tarayya a kanta, sannan kowace ƙasa ta ƙara nata a baya. Masar na bin tsarin, Najeriya da Nijar ma haka. Littafin karatu da aka buga yana ƙarƙashin 4901. Littafin rubutu da bangon takarda ko na kwali suna 4820. Jakar goyo ta 'yan makaranta tana 4202, idan bayanta na yadi ne ko na leda ta faɗa 4202.92. Lambar ce ke yanke kuɗin fito, ita ce kuma ke nuna ko an ma yarda kayan su shigo.

Inda ake rikicewa shi ne rigar littafi ta yadi. Wadda ake zura wa littafi kawai don kare bangonsa, yawanci ana lissafa ta cikin sauran ɗinkakkun kayan yadi, wato 6307. Da zarar an ɗinka mata zif da maɗauki da aljihun alƙalami, ta zama abin ɗaukar kaya a idon jami'in kwastan, kuma yana da hujjar tura ta 4202, gidan jakunkuna da akwatuna. Gafakar fata da dukawan Kano ke ɗinka wa Alƙur'ani ma can za ta zauna, a layin kayan fata. Ga ɗan kasuwa duka rigar Alƙur'ani ce. A bakin iyaka kuwa kaya biyu ne daban.

Abin da ya sa na damu shi ne, jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su ya yi shekara da shekaru yana ɗauke da takalma da jakunkuna da akwatuna, kuma lambobin 4202 ne aka ambata a ciki. Ke nan, muddin suna cikin jerin, mutumin da ya sari riguna masu zif da niyyar kai wa 'yan Islamiyya zai iya tarar da cewa maganar ta wuce ta ƙarin haraji, ta koma ta tsare kaya. Na san wani bawan Allah da ya zuba jarinsa kaf a irin waɗannan riguna, suka yi ta zama a sito ana jayayya kan lamba har lokacin komawa makaranta ya wuce. Bai yi niyyar fasa-ƙwauri ba. Babu wanda ya taɓa gaya masa ne kawai.

Akwai kuma ƙa'ida ta biyar cikin ƙa'idojin fassara tsarin, wadda ta ce mazubin da aka yi shi daidai da wani kaya, mai ɗorewa, idan ya zo tare da kayan, ana lissafa shi da su. Don haka Alƙur'anin da ya zo cikin rigarsa yana da hujjar bin layin littafi, alhali buhun riguna zalla ba shi da ita. Bambancin ba ƙarami ba ne, tunda jadawalin harajin bai-ɗaya na ECOWAS, da ya fara aiki a 2015, yana da matakai biyar: sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Littattafai na matakin sifili, kayan amfani da aka gama ƙerawa kuwa galibinsu na kan 20.

Su Misirawa sun riga mu ɗanɗana wannan. A 2019 aka sa jakunkuna cikin kayan da sai masana'antar da ta ƙera su ta yi rajista da hukumar sa ido kan shige da ficen kaya kafin a bari su shigo. Daga Oktoban 2021 kuma, duk kayan da zai zo ta teku sai an shigar da bayanansa da lambarsa a manhajar Nafeza tun kafin a ɗora shi a jirgi. Sai ga faɗuwar fam ɗin Masar a Maris na 2024, daga kusan 31 zuwa kusan 50 a dala ɗaya. Iyaye a nan suna jin nauyin wannan duk watan Satumba, lokacin komawa makaranta. Jakar da aka ƙera a Sin kuma, ko a Ataba ka saye ta, ba ta zama 'yar Masar ba. An biya mata fito a nan, za a sake biya a gida idan ma an bari ta shiga, kuma sassaucin yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, wadda aka sa wa hannu a Kigali a 2018, na kayan da asalinsu na Afirka ne.

Roƙona biyu ne. Ga 'yan kasuwa: a sa mai shago ya rubuta kowane kaya da sunansa, da abin da aka yi shi da shi, da ƙasar da ta ƙera shi, riguna masu zif daban, marasa zif daban, jakunkuna daban. A aika wa ejan kwastan hoton kayan, ya duba jadawali da jerin haramtattun kaya na yanzu, tun kuɗi na aljihu.

Ga Hukumar Kwastan ta Najeriya: a 2024 ta ƙaddamar da tsarin ba da hukunci tun da wuri, inda mai kaya zai nemi a rubuta masa lambar kayansa kafin ya shigo da su. Tsari ne mai kyau, amma mai buhu goma a Kantin Kwari ko Sabon Gari ko Kurmi ya fi manyan kamfanoni buƙatarsa. A yi bayaninsa da Hausa a rediyo, a zauna da shugabannin kasuwa, a kafa teburin tambaya a filin jirgin Malam Aminu Kano, inda masu dawowa daga Alƙahira ke sauka da kayansu.



Naka,
Mai karatu daga Alƙahira, Masar