Biyan Ɗalibai 'Yan Wasa A Amurka

Ranar 6 ga watan Yuni na shekarar 2025, wata alƙaliyar kotun tarayya a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, mai suna Claudia Wilken, ta amince da wata yarjejeniyar sulhu wadda ta kawar da al'adar da ta haura shekara 100. Bisa ga wannan sulhu, tun daga ranar 1 ga Yuli na shekarar aka yardar wa kowace jami'a da ta shiga tsarin ta raba wa ɗalibanta 'yan wasa kuɗi har kimanin Dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. Haka kuma Ƙungiyar Wasannin Jami'o'i ta ƙasar, watau NCAA, da manyan rukunoninta sun ɗauki alkawarin biyan diyyar kimanin Dala miliyan 2,800 cikin shekara 10 ga waɗanda suka yi wasa tun daga 2016 aka hana su cin moriyar sunansu. Mu dai a ganinmu wannan mataki ya yi daidai, sai dai ya zo a makare, kuma bai kai inda ya kamata ya kai ba.

Mai karatu yana iya tambaya, shin mene ne dalilin da zai sa a biya ɗalibi don ya yi wa makarantarsa wasa? Tambayar tana da kyau, domin a nan wajenmu wasannin makaranta abin sha'awa ne da motsa jiki, ba wanda ya taɓa yin arziki da su. To, amma a manyan jami'o'in Amurka abin ba haka yake ba. Filin wasan Jami'ar Mishigan kaɗai yana cin 'yan kallo fiye da 107,000, kuma kowa da tikitinsa yake shiga. A shekarar 2010 kamfanonin talabijin na CBS da Turner sun sayi izinin nuna gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i, wadda ake yi cikin watan Maris, a kan Dala miliyan 10,800 na tsawon shekara 14. A 2016 suka ƙara Dala miliyan 8,800 don a tsawaita musu har zuwa 2032. Nick Saban, mai horar da 'yan ƙwallon Amurka, watau wasan nan mai kama da zari-ruga, yana karɓar fiye da Dala miliyan 11 a shekara daga Jami'ar Alabama kafin ya yi ritaya a farkon 2024. A 2023 kuwa, da Jami'ar Texas A&M ta sallami nata mai horarwar, Jimbo Fisher, sai da ta ɗauki nauyin biyansa fiye da Dala miliyan 75 don kawai ya kama gabansa.

A cikin wannan hada-hada kowa yana da rabonsa. Mai horarwa yana da albashi, mai sayar da riguna yana da riba, gidan talabijin yana da kuɗin talla, har mai share filin ma yana da ladansa. Mutum ɗaya tak aka ce ba ya taɓa ko anini, shi ne saurayin nan da jama'a suka biya kuɗi don su zo su gani, wanda ake karya wa ƙafa, ake gwara wa kai. Wannan shi ne ainihin abin da Hausawa ke cewa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Lalle ba da mugun nufi aka kafa ƙungiyar NCAA ba. A shekarar 1905 aƙalla 'yan wasa 18 suka mutu a dalilin ƙwallon Amurka, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan wasu jami'o'i ya ja musu kunne, daga nan aka kafa ƙungiyar a 1906 don a tsare lafiyar ɗalibai. Amma da kuɗi suka fara shigowa sai akalar ta juya. A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison ya rasu saboda bugun da ya sha a kai yayin da yake yi wa wata kwaleji ta Jihar Kolorado wasa. Matarsa ta nemi diyyar da doka ta tanada wa iyalin ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki, Kotun Ƙoli ta jihar ta hana ta, bisa hujjar cewa mijinta ba ma'aikacin kwalejin ba ne. A wannan zamani ne shugaban ƙungiyar, Walter Byers, ya sa aka riƙa kiran 'yan wasan da laƙabin "ɗalibi ɗan wasa", kuma shi da kansa ya bayyana a littafin da ya fitar a 1995 cewa an ƙirƙiro laƙabin ne don a kuɓutar da jami'o'i daga biyan irin wannan diyya.

Babbar hujjar masu adawa da biyan ita ce, ai tuni ana biyan yaran nan, tun da ana ba su sukolashif, watau karatu da abinci da wurin kwana kyauta, alhali sauran ɗalibai sai sun ci bashi kafin su gama. Ba mu raina wannan hujja ba. Ilmi ba ƙaramar dukiya ba ce, kuma 'ya'yan talakawa da yawa ba su da wata ƙofar shiga jami'a in ba ta wasa ba. Amma fa sai a duba ko ana ba su ilmin da gaske. Dokar ƙungiyar ta ƙayyade awa 20 a mako don horo da wasa, amma binciken da ita kanta ta gudanar ya nuna 'yan ƙwallon manyan jami'o'i suna cinye kimanin awa 40 a mako a lokacin kakar wasa. Wannan kuwa shi ne makon cikakken ma'aikaci. A 2014 wani rahoton bincike ya tona cewa a Jami'ar Karolina ta Arewa an shafe shekara 18 ana shirya darussan da ba a shiga aji, ana ba da maki a arha, ɗalibai kimanin 3,100 suka bi ta cikinsu, kusan rabinsu 'yan wasa. Daɗin daɗawa, waɗanda ke samun shiga ƙungiyoyin ƙwararru bayan jami'a ba su kai 2 cikin 100 ba. Saboda haka wanda ya ba da ƙuruciyarsa da lafiyarsa, ya fita da takardar da ba ilmi a bayanta, ina ladan da aka ce an biya shi?

Abin takaici shi ne, jami'o'in ba su gyara don kansu ba, sai da kotu ta tilasta musu taki bayan taki. A 1984 jami'o'in ne da kansu suka yi nasara a kan NCAA a Kotun Ƙoli don a sakar musu mara su sayar da wasanninsu ga talabijin yadda suke so. Ashe ciniki halal ne gare su, haram ne ga ɗalibansu. A 2009 Ed O'Bannon, wanda ya ci wa Jami'ar UCLA kofi a 1995, ya shigar da ƙara bayan ya ga kamanninsa a cikin wani wasan bidiyo da ake sayarwa ba tare da an nemi izininsa ko an ba shi kome ba. A 2014 Shabazz Napier, gwarzon Jami'ar Konetikat a gasar shekarar, ya shaida wa 'yan jarida cewa akwai daren da yakan kwana da yunwa, daga baya ƙungiyar ta janye ƙayyade abincin 'yan wasa. A 2019 Jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta ba su damar yin talla da sunansu. A watan Yuni na 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka su 9, baki ɗaya, suka yanke hukunci a kan ƙungiyar, har ɗaya daga cikinsu, Brett Kavanaugh, ya ce irin wannan tsarin ciniki da a kusan kowace sana'a ce a ƙasar da ya saɓa wa doka ƙarara.

Duk da haka, gaskiya ce cewa biyan ya zo da nasa matsalolin. A galibin jami'o'i ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando na maza ne kaɗai ke kawo riba, su ne ke ɗaukar nauyin guje-guje da iyo da kokawa da sauransu. In an kwashe kuɗin an ba taurari, akwai tsoron a rufe ƙananan wasannin. Sa'an nan akwai wata doka ta 1972 wadda ta haramta nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ga shi kuwa kimanin kashi 90 cikin 100 na diyyar 2025 an ware shi ga mazan wasannin nan biyu, abin da ya sa wasu 'yan wasa mata suka ɗaukaka ƙara. Waɗannan matsaloli ne da ke bukatar gyara cikin adalci, amma ba su zama hujjar ci gaba da cin gumin wani ba. Jami'ar da ta iya biyan mutum miliyoyi don ya bar aiki ba ta da bakin kukan talauci.

Don haka muna ganin akwai abubuwa uku da suka rage. Na farko, a ba 'yan wasan murya. Abin da aka yarda a raba musu an ƙiyasta shi a kan kashi 22 cikin 100 na matsakaicin kuɗin shigar manyan jami'o'i, alhali a ƙungiyoyin ƙwararru 'yan wasa suna samun kusan rabi, domin suna da ƙungiyar ƙwadago da ke zaman ciniki a madadinsu. Sulhun 2025 bai taɓa batun ko su ma'aikata ne ba, kuma muddin ba a warware wannan ba, ba za a rabu da zaryar kotu ba. Na biyu, a tsare lafiyarsu. Inshorar da ƙungiyar ta fara a 2024 tana aiki ne shekara 2 bayan an daina wasa, ciwon gwiwa da lahanin ƙwaƙwalwa kuwa sukan bayyana ne bayan shekaru masu yawa. Na uku, a mayar wa karatu darajarsa. Tun 2024 jami'o'in birnin Los Anjeles biyu suka koma rukunin da ya kai har Jihar Niyu Jasi, tafiyar kusan kilomita 4,000, don kwaɗayin kuɗin talabijin. Ɗalibin da ke kwana a jirgin sama, yaushe zai zauna a aji?

Wannan magana ta shafe mu, domin 'ya'yanmu suna cikin waɗanda ke tafiya. Daga Legas Hakeem Olajuwon ya tashi a 1980 zuwa Jami'ar Houston, kafin a zaɓe shi na ɗaya a cikin sababbin ƙwararrun ƙwallon kwando a 1984. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, a Jami'ar Texas ta El Paso ta gogu. Sai dai ɗalibin da ya shiga Amurka da bizar karatu an taƙaita masa irin aikin da zai yi ya karɓi kuɗi, don haka ribar tallan da abokinsa Ba'amurke ke ci a fili, shi sai ya yi taka-tsantsan kada ya rasa izinin zamansa. Muna kira ga iyaye da hukumomin wasanninmu da su karanta kowace takarda da kyau kafin yaro ya sa hannu, su tambayi wa zai biya kuɗin asibiti in ya ji rauni, kuma me zai sami karatunsa in an daina bukatarsa a fili. Su yi hattara da dillalai masu romon baka.

Su kuma samarin da kuɗi suka fara shiga hannunsu, su tuna kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ƙarfin jiki ba ya wuce 'yan shekaru. Wanda ya sami albashi ya yi watsi da littafi, ya maimaita wa kansa zaluncin da aka daɗe ana yi masa. Jami'o'in kuwa bashi biyu ne a wuyansu, ladan aikin da yaran suka yi da kuma ilmin da aka yi musu alkawari. Muna fata za su biya duka biyun ba sai kotu ta sake tilasta musu ba.