Ƙamshin Mangwaro a Fadar Samarin Ƙonni



Wanda ya ratsa fadar samari a Birnin Ƙonni bayan isha'i kan ji wani ƙamshi ya danne na shayi: na mangwaro, na tuffa ko na na'a-na'a. Wani daga tulun shisha yake tashi, wani daga sigarin lantarki, ɗan abin nan mai batir da ke dafa wani ruwa ya mai da shi tururi. In aka yi magana, sai samarin su ce ai tururi ne kawai.

To me aka zuba a cikin sigarin lantarkin? Yawancin ruwan yana ɗauke da nikotin, sinadarin da ke ɗaure mashayin taba, ga kayan ƙamshin da aka yi su domin ci, waɗanda hanji ke iya narkarwa amma huhu ba ya iyawa. Ɗaya daga cikinsu, dayasetil, mai ƙamshin man shanu, ya toshe ƙananan hanyoyin numfashin ma'aikatan wani kamfanin gugguru a jihar Misuri ta Amurka a wajajen 2000, toshewar da ba ta warkewa.

Abin da ya fi tayar da hankali ya faru a 2019, a Amurka dai. Matasa majiya ƙarfi suka riƙa isa asibiti da sarƙewar numfashi, tari da zazzaɓi. Zuwa Fabrairun 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 2,807, 68 daga ciki sun rasu. Bincike ya gano cewa akasarinsu sun zuƙi ruwan wiwi na bayan fage, wanda aka sirka da wani mai na bitamin E. Mai ne da ake shafawa a fata lafiya lau, amma da ya shiga huhu sai ya yi ɓarna.

Shisha ma da nata. Gawayin da ake ɗorawa yana fitar da iska mai guba da ke hana jini ɗaukar iskar numfashi, kuma ruwan tulun ba ya tace ta. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a zama ɗaya mutum na iya shaƙar hayaƙin da ya kai na karan sigari 100. Maƙwabciyarmu Mali ta haramta shisha a 2022.

Ƙonni gari ne na bakin iyaka, kaya na shigowa ta Illela ba dare ba rana, kuma mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin kwalba. Ga huhun da ƙurar hunturu da hayaƙin itace suka riga suka gajiyar.

Saurayin da tari ko ciwon ƙirji ya kai shi likita, a Ƙonni ko a Galmi, ya faɗi gaskiyar abin da ya zuƙa, ya kuma tafi da kwalbar a aljihu, domin ciwon na kama da lamoniya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.