Wasiƙa Zuwa ga Malaman Asibitocin Gusau, Tsafe da Bunguɗu



Da ku nake: likitoci, nas-nas, ungozomomi da malaman lafiya da ke riƙe da ƙananan asibitoci, na gwamnati da na kuɗi, tun daga Tudun Wadar Gusau har 'Yandoto da Kwatarkwashi da Nahuce. A Ingila, mutum yana da likitan unguwa da ya yi rajista da shi, sai ta hannunsa ake wucewa babban asibiti. A nan ku ne wannan likita, ko takardarku ta jami'a ce ko ta Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe. In ba ku, sai kemis, sai mai tallar ƙwaya a bakin kasuwa.

Ƙorafina a kan magana ɗaya ce da ta yi wa bakinku sauƙi: "Ku je ku dawo gobe."

Matar da ke zaune a bencinku da yaro a goye, daga wani ƙauye ta fito a bayan Tsafe. Sai da ta nemi izinin maigida, aka sayar da kwanon gero ko kaza, aka sallami ɗan kabu-kabu, wanda kuɗinsa ya tashi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Ba a shiga hanyar sai rana ta ɗaga, kuma dole a koma kafin la'asar ta yi sanyi, saboda matsalar tsaro da kowa ya sani. Ba mu manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako, mai ciwo ya rasa wanda zai kira da abin da zai sayar. Wannan mata ba ta da gobe a wurinku. Abin da ba ku yi mata yau ba, ya tafi ke nan.

Saboda haka a gama aiki a zama ɗaya. Zazzaɓi ne? Gwajin jinin yatsa bai wuce minti 20 ba, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da maganin maleriya. In gwaji ya ce babu, kada a rubuta maganin don a rabu da ita lafiya. A leƙa kunne da maƙogwaro, a ƙirga numfashin yaron. Sai kuma wannan tagwayen hukunci, "maleriya da taifot", da ake yanke wa kusan kowa bisa gwajin Widal guda ɗaya, alhali kun fi ni sanin gwajin ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Na san mutanenmu ba sa jin an duba su sai an yi allura ko an rataya ƙarin ruwa, har su kan roƙa: "Likita, a sa mini ruwa ko leda ɗaya ce." Na kuma san a asibitin kuɗi wannan leda ita ke biyan haya. Amma wanda zai iya haɗiye ƙwaya aka ɗaura masa ruwa, an ci kuɗin motarsa na zuwa na gaba ne, ranar da ciwon gaske zai kama shi.

Bayani kuwa rabin magani ne, kuma shi aka fi yi wa rowa. Maganin maleriyar da aka fi bayarwa sau shida ake sha cikin kwana uku. Uwa takan tsaya da zarar jiki ya yi sanyi, ta ajiye ragowar don ƙanensa. Ba wauta ba ce, tattali ne, kuma ba wanda ya gaya mata illarsa. Ku gaya mata da Hausar da take ji, ku zana rana da wata a jikin leda, sannan ku ce ta maimaita muku. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma: wadda aka daka wa tsawa don ta makara da kawo yaro ba za ta faɗi jiƙon da aka riga aka ba shi a gida ba.

Tunda ta zo, a duba abin da bai kawo ta ba. Yaron da ya zo da tari, a zagaya masa ma'aunin damtse; in ya gaza santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani ko da yana wasa. A nemi katin rigakafinsa. Uwar kanta a auna jininta, in da ciki a fara mata awo nan take, ba sai "ranar awo" ba. A kuma yi tambaya. A 2010, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, suna ta suma da jijjiga ana zaton zazzaɓi ne, ashe gubar dalma ce daga dutsen zinaren da ake niƙawa cikin gidaje. "Wace sana'a ake yi a gidanku?" ba ta cin ko sisi, kuma har yau ana haƙar zinare a jihar nan.

Idan abu ya fi ƙarfinku, ku faɗa da wuri. Riƙe majinyaci kwana da kwanaki har aljihun danginsa ya bushe, sannan a ce "ku yi gaba da shi", zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi. Turawa kuma ba nuni da baki ba ce. A ambaci wurin: Cibiyar Lafiya ta Tarayya ce, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko asibitin mata da yara na Sarki Fahad. A rubuta abin da aka gani, abin da aka bayar da ƙarfe nawa. Mai ciki da ke jijjiga a yi mata allurar farko ta magnesium sulphate kafin ta hau mota, yaron da maleriya ta kayar a fara masa artesunate. In akwai sabis, a kira can a ce ga su nan tafe.

Ban jahilci halin da kuke ciki ba. Akwai asibitin da mutum ɗaya ne mai kati, mai gwaji, mai ba da magani, kuma shi ma da fargabar hanya yake zuwa aiki. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a harkar lafiya a farkon 2024, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya a matakin farko, ga kuma hukumar ZAMCHEMA mai kula da taimakekeniyar lafiya. Neman wannan haƙƙi aikinmu ne mu duka, har da kwamitocin raya mazaɓu da ya kamata su riƙa tambayar inda kuɗin ya shiga.

Abin da ke hannunku tun daga gobe da safe kaɗan ne. A liƙa takarda a bakin ƙofa da Hausa, boko da ajami: ƙarfe nawa ake buɗewa, wa ke aiki yau, mene ne kyauta, mene ne na kuɗi kuma nawa. Wani ya bi layi da ido tun da sassafe ya fitar da yaron da ke numfashi sama-sama da mai ciki da ke zubar da jini, kada su jira lamba. Bayansu sai mutanen nesa, don su samu hanya da rana. Mu na cikin gari za mu iya jira zuwa azahar.

Allah ya tsare ku a hanya, ya sa albarka a hannuwanku.

Wassalam,
Ɗan'uwanku daga Gusau