Raddi ga masu cewa jikin kifi ba ya tuna cuta

Wasu na ta yaɗa cewa kifi ba shi da wata garkuwa sai wadda aka ƙyanƙyashe shi da ita, jikinsa ba ya koyon cuta balle ya tuna ta, don haka yi masa rigakafi asarar kuɗi ce. Bari mu bi hujjojin nasu.

Sun ce kifi ba shi da ɓargo mai haifar da jini, ba shi da kaluluwa. Gaskiya ne, sai dai gaban ƙodarsa ne ke aikin ɓargon, saifa kuma tana nan. Inda ya kamata a duba shi ne ƙwayoyin gado. RAG1 da RAG2, masu yanka DNA su sake ɗinke shi har jiki ya ƙera makaman kariya bila adadin, suna nan a kifi mai muƙamuƙi, har da shak. Kifi na yin makaman kariya na IgM da IgD, a 2005 kuma aka gano IgT mai gadin hanji da yauƙin fata, wanda mu 'yan Adam ba mu da shi.

Babbar madogararsu kifin kod ce. A 2011 masana a Oslo suka karanta kundin gadonsa, suka tarar babu ƙwayoyin gadon garkuwa na MHC II, babu na CD4. To, ai rasawa ya yi, kuma ba a rasa abin da ba a taɓa mallaka ba. Danginsa na nesa suna da su, shi kuma ya ninka MHC I har kusan 100. Da ma kifin angila na can ƙasan teku suka kawo, da sun ɗan fi kusa: namiji na cizon mace ya manne mata har jininsu ya haɗu, kuma binciken 2020 ya nuna RAG ya lalace a wasu nau'o'insa. Shi ma togaciya ce, ba a gina hukunci a kanta.

Batun cewa allura ba ta ci, mun yarda ruwan sanyi na jinkirta martanin jiki, kuma makaman kifi ba sa gogewa kamar namu. Amma a 1987 masu kiwon salmon a Norwe sun zuba wa kifi kusan tan 50 na maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da allurar rigakafi ta bazu, a yi wa ɗan kifi ita a ciki kafin a kai shi kejin teku, adadin ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100, alhali kifin da ake kiwo ya ninka sau da yawa. Sai su gaya mana da me kifin ya tuna allurar.