Makunnin mota ba na keken batir ba ne

Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a shekarar 2023, wasu 'yan kasuwarmu na bakin iyaka suka koma ga kekunan ɗaukar kaya masu aiki da batir. Madalla. Amma akwai gangancin da muke gani: makunni na lalacewa, sai a ɗauko na mota a ɗaura, wai ya fi araha.

Jama'a, wutar ƙaramar mota bolt 12 ce. Ta keken nan kuwa 48 ce, ko 60, har 72. Wutar batir idan ta yi ƙarfi haka, ba ta yankewa da sauƙi. Kana kashewa tartsatsi ya ci gaba da ci a cikin makunnin, ƙarafan su narke su manne. Keke da lodin buhuna ya ƙi mutuwa a tsakiyar cunkoso, ko waya ta kama wuta kusa da jarkokin mai.

A ganinmu nauyin yana kan masu sayar da kayan gyara. Ku tambayi mai saye inda zai ɗaura shi, ku duba lambar da ke jikin kayan. Fitila da oda kuma, a sa musu na'urar da ke rage wuta zuwa 12.